Furen Bitrus a Kan Dutsen Kinabalu

Tun da muka dawo daga Sabah, jihar da dutsen Kinabalu yake, ban sha shayi da daɗin rai a mamak, wato shagon shayin da ke ƙasan benenmu, ba. Da na zauna sai wani ya jawo kujera, wai Malam Sabo, da gaske da wannan tumbin ka hau dutsen? Wannan ya ce a ba shi labarin sanyi, wancan ya ce a nuna masa hoto. Bitrus kuwa, mai tafiyar, in an tambaye shi ba ya wuce ya ce an gode Allah. Na gaji da yanka labarin gutsi-gutsi, kuma duk wanda na ba sai na tsallake wani wuri. To ga shi nan duka, har da inda nake tsallakewa.

Ga wanda bai san mu ba, Bitrus mutumin Filato ne, daga wani ƙauye bayan Bukuru. Shekara uku ke nan muna bene ɗaya a Danau Kota, wata unguwa a Kuala Lumpur, hawa na goma sha tara, ƙofarsa na kallon tawa. Ni ina digiri na uku a kan harkar ɗakunan karatu, shi a kan tsirrai. In na ce tsirrai ma na yi masa kara, tsiro ɗaya tak yake karantawa, wani fure rawaya da ke fitowa a tsagin dutse can ƙololuwar Kinabalu. Hotonsa ne a fuskar kwamfutarsa, ya cika gilashin taf. Kullum na wuce sai na tsokane shi, in ce mutum da gemunsa ya bar mata da 'ya'ya ya tsallako teku saboda furen da ko miya ba a yi da shi. Shi kuma ya ce to ni da na tsallako don in koyi jera littattafai a kanta fa.

Sau biyu ya hau ya ƙirgo furannin nan, saura hawa na uku, na ƙarshe. Farfesarsa ta ce masa in ya kawo wannan ƙirgan a watan Oktoba, ya miƙa kundinsa a Nuwamba, to ya tafi gida abinsa, in lokacin kare kundi ya zo a yi ta kwamfuta. Rabonsa da Jos shekara uku. Matarsa Rifkatu har ta gaya wa yaransu biyu cewa bana da Baba za a yi Kirsimeti, ƙaramin da ya bari a goye yanzu shi ne mai ƙwace waya yana tambayar saura kwana nawa. Ana saura mako biyu a tashi, sai ɗalibin da ke raka shi yana riƙe masa takarda ya kwanta zazzaɓin denge. Takardar izinin bincike kuwa da ranarta a jiki, ba a ɗagawa. Ni Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf, na ce in dai rubuta lamba ne ai ga ni. Ya dubi cikina, ya dubi fuskata, sannan ya ce in kawo fasfo a sa sunana.

Sharaɗi uku ya kafa mini: kada in tsinki furen, kada in taka shi, in ya faɗi lamba in rubuta. Na ce wannan ai ba sai mai digiri ba.

Bayan sallar asuba muka hau jirgin ƙasa a Wangsa Maju, muka sauka tsakiyar gari, muka kama bas zuwa filin jirgi. Jakata ta fi tasa nauyi, shi da ke ɗauke da kayan awo. Na zuba garin kwaki, da ƙuli-ƙuli, da yaji, da dabino, da wata ƙatuwar rigar sanyi da na saya a shagon gwanjo a Sentul, mai shagon yana ta kallona don a garin nan ko ruwa ake gumi kake. Muna zama a jirgi Bitrus ya buɗe kwamfuta ya fara yi mini bayanin abin da binciken yake nema, da zane-zane da komai. Na dai tuna ya ambaci maƙwabtan furen. Kafin jirgin ya ɗaga barci ya kwashe ni, ban farka ba sai da aka ce a ɗaura bel za a sauka. Shi ya ɗauka na ji rabi, ni kuma kunya ta hana ni cewa ko kwata ban ji ba.

Abin mamaki na farko a filin jirgin Kota Kinabalu na gamu da shi. Ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya, amma sai ga layin shige-da-fice ana buga wa mutane hatimi. Har mutanen Kuala Lumpur da muka taho tare suna miƙa katinsu ana dubawa. Ka ɗauka ka taso daga Kano za ka Sakkwato, a Gusau a tare ka a ce kawo fasfo, kwana nawa za ka yi. Bitrus ya ce mutanen Sabah tun da suka shiga tarayyar ƙasar suka riƙe mabuɗin ƙofarsu a hannunsu. Matar da ke kan tebur ta juya koren fasfona ta tambayi abin da ya kawo ni. Na ce fure na zo ƙirgawa. Ta ɗago kai ta dube ni sosai. Bitrus ya miƙo takardar izini ta saman kafaɗata, ya nuna mata hoton a waya, ta kira abokiyar aikinta ta gani, suka yi dariyarsu ta ishe su, sannan ta buga hatimi ta ce boleh, wato an yarda.

Daga nan ƙaramar bas ce, wajen awa biyu, hanya tana ta naɗe dutse, kwana kan kwana, har sai da na daina duba taga. Da muka sauka a Kundasang na ji wata iska mai sanyi da na manta akwai irinta a duniya. Bakin titi duk rumfunan kabeji ne da karas da latas da albasa mai lawashi, mata sun sha hular sanyi suna kiran ciniki. Bitrus ya tsaya cak. Ya ce wannan ai kasuwar Farin Gada ta Jos ce aka ɗauko aka ajiye a nan. Ya ɗauki kabeji ɗaya yana jinjina nauyinsa, yana taya shi, alhali ba saya zai yi ba. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na yi kamar ina duba tumatir.

Doka ce ba a hawa dutsen sai da ɗan jagora, mu kuma namu mace ce, kuma a gidanta muka sauka. Kak Juli ake ce mata, kak ɗin nan kamar ka ce yaya ne. 'Yar ƙabilar Dusun ce, mutanen gindin dutsen, za ta haura hamsin, tsawonta bai kai kafaɗata ba. Tun tana budurwa take dakon kaya zuwa sama, ita ce kuma ta raka Bitrus sau biyun farko. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta kafa wa sabon kambas ɗina ido, ta girgiza kai, ta ja ni kanti ta sa na sayi baƙin takalmin roba, sak irin wanda Fulani makiyaya ke sawa a gida. Na ce a raina na zo har tsibirin Borneo in sayi abin da ke zube a kasuwar Wudil.

Gidan katako ne a kan dirkoki, ana cire takalmi tun daga matakala. Aka kawo jar shinkafa a naɗe cikin ganye kamar alala, da kifi, da wani yankakken abu ja da suke kira tuhau, wanda warinsa sai da ya sa na ja da baya. Sai na tuna wanda ya tashi da daddawa ba shi da bakin raina warin miyar wani, na daure na ɗanɗana, kafin a tashi na nemi ƙari. Ita Kirista ce, amma ta ce in ci hankali kwance, tukunyar baƙi daban take, don ƙanwarta Musulma ce, haka rabin danginta, kuma ranar biki kowa gidan kowa yake ci. Bitrus ya ce ai shi ma kawunsa Alhaji ne. Na fito da yajina na ba ta, ta lasa, ta yi tari har da hawaye, sannan ta kawo kwalba ta ce a raba.

A nan ta karanta mana ladabin dutsen. Ba a ihu, ba a yi wa dabba dariya, ba a ɗaukar ko tsakuwa. Ta ce a wurin kakanninsu can ne rayukan matattu ke hutawa, har yanzu duk shekara dattawa kan yanka fararen kaji bakwai. Bakina bai iya shiru ba, na tambaye ta ita da ke zuwa coci ta yarda da wannan? Ta ce ita dai ba ta ɗaga murya a gidan mutane. Na tuna wata tsamiya a bayan garinmu da ko liman ba ya bi ta gindinta da tsakar rana, sai na ja bakina.

Hawan ranar farko kilomita shida ne kawai. Da na ji haka na ce ai daga Kura zuwa gonarmu ya fi haka. Ashe shidan a tsaye take. Matakala ce ta saiwa da dutse da katako, ka gama wannan ka ɗaga kai ka ga wata. Ina haki kamar tsohon injin ban-ruwa, sai in ji ana cewa a ba da hanya, in waiga in ga mace da tukunyar gas biyu a baya, igiyar ta ratsa goshinta, tana tafe tana duba waya. Duk abin da ake ci a masaukin sama, har katifar da ake kwana a kai, a bayan mutum ya hau. Matan Gwari ne kawai na taɓa gani da irin wannan ƙarfin. A wata rumfar hutu na kwance ƙuli-ƙulina, kafin in ce bisimilla wani kurege ya hau gwiwata ya ɗauke guda ya zauna nan gabana yana ci. Zan yi dariya Kak Juli ta dube ni, na haɗiye.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina itatuwa ne. A ƙasa dogaye ne, ba ka ganin kansu. Ana hawa suna gajarcewa, suna murɗewa, har suka dawo iya ƙugu. Akwai wani tsiro mai 'yan tuluna har da murfi, ƙwaro na faɗawa ciki ya narke, abincinsa ke nan. Duk abin da na gani sai na tambaya, Bitrus yana amsawa, har ya ce da haka na saurare shi a jirgi da yanzu na zama ɗan gari. Awa takwas muka yi. Na isa masaukin na ƙarshe, jakata kuwa tun rabin hanya tana kan ta Kak Juli. Wannan ma wani wuri ne da nakan tsallake.

Masaukin gadaje ne masu hawa biyu kamar makarantar kwana. Ruwan alwala kuwa, na zuba a hannu sai da na yi salati, kamar an yanke ni da reza. Bitrus ya fito da kamfas ɗin aikinsa ya nemo mini alƙibla. Kaina ya fara sarawa, Kak Juli ta ce ciwon tsauni ne, iska ce ta yi ƙaranci, in sha ruwa da yawa. Sauran baƙin tun kafin asuba suke tashi don su ga fitowar rana daga ƙololuwa, mu kuwa sai da gari ya waye tangaram, don ba a ƙirga fure da tocila.

Daga can sama babu itace, babu ƙasa, falalen dutse ne fari-fari ya shimfiɗu iya ganinka, da wata farar igiya da ake kamawa ana hawa. Gajimare yana ƙasa da mu. Muka bar hanyar mutane muka ratsa gefe, can Bitrus ya tsaya ya ajiye jaka. Na duba gabas, na duba yamma, na ce to ina furen?

Ya ce, "Ga shi nan gaban takalminka, kada ka ƙara taku."

Na durƙusa. Jama'a, abin da na yi shekara uku ina zaton ya kai furen kabewa, ashe bai fi farcen ƙaramin yatsana ba. Ganyensa tsaga-tsaga kamar na tsamiya, amma ƙanana ƙwarai, da wani gashi fari mai sheƙi, duk ya kwanta lif a jikin dutse. Na fashe da dariya, na ce Bitrus wannan ne ya raba ka da Rifkatu? Sai ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Da na duba sai dariyar ta tsaya. Ya ce gashin nan bargonsa ne, da shi yake tare sanyi da zafin rana. Ba ya ɗaga kai don iska za ta sare shi. Saiwarsa kuwa ta bi tsagin dutse ta shige ciki, ta ninka abin da ake gani a waje sau da yawa. Wurin da ni da rigar gwanjona nake karkarwa, nan wannan ɗan abu ya zauna har yana fure. Na ce ikon Allah, kuma da gaske nake.

Wurare talatin aka kewaye da ƙusoshi huɗu-huɗu, kowanne da lambarsa a jikin ɗan gwangwani, faɗinsa kamar rabin sallaya. Suna da sunan da suke kiransu a Turance, ni kuwa komi na sa musu, don da komin albasar mahaifina suka yi mini kama. Bitrus yakan kwanta rub da ciki yana faɗin lambobi, ni ina cika gidajen takarda. Kowane gida da harafi a kansa, ban tambayi na mene ne ba, ni dai rubutu aka ɗauko ni. Haka muka yi goma sha shida.

A na goma sha bakwai jikina ya ƙi. Kai kamar ana daka, zuciya tana tashi. Kak Juli ta dubi gajimaren da ke tasowa ta ce kafin azahar zai rufe sama, gara su fara gamawa da na can, in sun dawo a ƙirga wannan. Ta karɓi takardar, ta ba ni maganin ciwon kai da filas ɗin shayi, suka zaunar da ni a lungun wani dutse daga inda za su riƙa hango ni.

Na sha shayi, na jingina, jiki ya ɗan saki. Komin nan yana gefen gwiwata. Shi ya fi duk waɗanda muka wuce yawan furanni, na ƙirga tushe goma sha ɗaya. Amma duk gansakuka ta kewaye su, wata ciyawa mai kama da jiji ta cusa kai tsakaninsu, wani ma da ƙyar kake ganin rawayarsa. Raina ya sosu. Na ce dubi wannan bawan Allah, ga sanyi, ga rashin ƙasa, ga kuma ciyawa tana cinye ɗan abin da ya samu. Ni tun ina shekara bakwai ake tura ni cirar ciyawa a gonar albasa, mahaifina in ya ga mutum zaune a bakin komi hannunsa banza, ba ya magana, ƙeya yake nema. Wallahi ban zauna na yanke shawara ba. Na dai ga tsinken ciyawa ɗaya a hannuna, sai na biyu. Na ciro cokalin shayi ina banɓarar gansakuka a hankali, ina kaffa-kaffa kada in taɓa fure. Abin da na cire na jera shi a kan dutse, saiwa sama, yadda rana za ta kashe shi kada ya sake kamawa, kamar yadda aka koya mini. Na tattaro ɗan yashi na yi wa kowane tushe huɗa. Ciwon kan ma na neme shi na rasa. Rabona da in ji daɗin wani aiki haka tun da na zo ƙasar nan. Da na gama na ja baya na duba, furanni goma sha ɗaya sun fito fes, har na ɗauki hoto.

Na hango su suna saukowa, na ƙagara su iso. Bitrus ne a gaba. Ya zo ya tsaya a kan komin, ya dubi tarin ciyawar, ya sake duban komin, sai kawai ya zauna a ƙasa.

"Malam, me ka yi?"

"Cira na yi masa. Duba ka gani, ko fure ɗaya ban taɓa ba."

Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Da murya ƙasa-ƙasa ya maimaita mini abin da ya faɗa a jirgi. A wannan wuri gansakukar ita ce ƙasar, ita ke riƙe ruwa, ita ke riƙe ɗumi, ciyawar kuma ita ke karya iska. Duk kundinsa a kan tambaya ɗaya yake, shin furen ya fi rayuwa shi kaɗai ko cikin maƙwabta. Rabin lambobin da na wuni ina rubutawa na gansakuka da ciyawa ne. Komi na goma sha bakwai kuwa shi ne mafi daɗewa, Farfesarsa ce ta kafa ƙusoshinsa da hannunta tun tana ɗaliba. Sannan a takardar izini an rubuta ƙarara cewa ba za a cire ko a motsa wani tsiro ba, kuma sunansa ne a sama. Na yi gyaran gangar Auzinawa. Ji na yi kamar dutsen ya tsage in shige.

Mu uku muka durƙusa muna mayar da gansakukar, Kak Juli tana yayyafa mata ruwan gorarta, amma ta riga ta sha rana, tana marmashewa a hannu. Gajimare ya iso ya rufe mu. Sai halin gida ya motsa mini. Na ce wa Kak Juli don Allah ta rufa mana asiri, ba wanda ya gani, mutumin nan iyalinsa na jiransa, laifina ne ba nasa ba. Ta saurare ni har na gama. Ta ce ta san ba mugunta na yi ba, ita ma 'yar manoma ce, hannunta kan yi mata ƙaiƙayi. Amma duk wanda ya zo bayanmu zai ga komin, kuma ita ce jagorar da aka rubuta. Na juya wurin Bitrus ko zai taya ni roƙo.

Ya ce, "Ko ita ta yi shiru ni sai na rubuta. In na sa lambar ƙarya a nan, sauran ashirin da taran ma sun zama ƙarya."

Saukowa ta fi hawa azaba, gwiwoyina kamar ba nawa ba, amma shirun Bitrus ya fi su ciwo. A ofishin masu kula da dutsen na ce a bar ni in yi bayani da bakina. Jami'in dattijo ne mai haƙuri, ya sa na maimaita sau biyu don bai gane dalilin da zai sa mutum ya yi wa dutse noma ba. Na nuna masa hoton da na ɗauka. Ya duba, ya ce aikin dai ya yi kyau. Sannan ya ce abin ya fi ƙarfin teburinsa, sai kwamitin da ke ba da izini ya zauna, kafin nan ba za a yi amfani da ƙirgan wannan hawan ba. Bitrus ya tambayi yaushe za su zauna. Ya ce watan Janairu.

Har muka kwana a gidan Kak Juli, muka hau bas, muka isa filin jirgi, bai ce mini uffan ba. Sai da muka zauna jiran jirgi ya tashi ya dawo da ƙunshin shinkafa biyu, ya ajiye ɗaya a cinyata, ya ce in ci, tun jiya bai ga na sa komai a baki ba.

Da muka dawo na bi shi wurin Farfesa, na shirya shan zagi. Tsohuwa ce siririya, ta saurari labarin har ƙarshe. Sai ta jawo takarda ta shiga yi mini tambayoyi: da me na cire, zurfin nawa, wanne na fara, awa nawa saiwar ta yi a rana. Ta ce abin da na yi ba wanda zai taɓa ba su izinin gwada shi, tunda ya faru sai a bi shi a ga ƙarshensa, ta roƙi Kak Juli ta riƙa ɗauko hoton komin duk hawan da ta yi. Amma zancen miƙa kundi a Nuwamba ya tashi, sai zango na gaba. Bitrus kuwa ba zai bar ƙasar ba sai ya tsaya gaban kwamiti.

Hoton farko bai nuna komai ba, har na fara sa rai. Na tsakiyar Disamba ne ya zo da magana: bakwai sun bushe, huɗu suna nan da ƙyar. Bitrus ya nuna mini wanda ya fi girma a cikin matattun, ya ce yadda suke jinkirin girma, ba mamaki wannan ya girme ni. Ga mai son sanin amsar bincikensa, to ita ke nan, kuma ni na samo masa ita ta hanyar da ba wanda ya roƙe ni.

Ranar Kirsimeti ya tafi coci a Sentul, ni kuma na shiga kicin na yi masa gwaten acca, da 'yar ragowar accar da wata 'yar Kaduna ta sammana, ina yi ina kallon yadda ake yi a waya. Ya dawo ya ci, ya ce ruwa ya yi yawa amma ya ci. Muna kan tebur Rifkatu ta kira ta bidiyo. Yaran sun sha sababbin kaya, ƙaramin ya ƙi kallon wayar, ya juya baya, wai Baba maƙaryaci ne. Bitrus yana dariya yana lallashinsa, ni ina jin kamar in nutse. Can sai ta ce a ba ta Malam Sabo. Na karɓa, muka gaisa, na yi mata barka da Kirsimeti.

Ta ce, "Malam, tun tuni nake son in yi maka godiya. Ya ce mini da ba ka bi shi dutsen nan ba da aikin bai yiwu ba. Jinkirin takarda kuma na Allah ne. Allah ya saka, ka ci gaba da kula mana da shi."

A nan na gane bai gaya mata ba. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya danne da ƙarfi, idonsa na kan kwanon gwate. Na ce mata amin, na miƙa masa wayar, na kwashi kwanuka na shiga kicin.